Kankare da Haɗaɗɗen Tsakuwa da Yashi: Yadda Ake Aunawa, a Kwaɓa, a Zuba

Shekarun baya wani dattijo a unguwarmu ya aiko a kira ni in duba masa daɓen tsakar gida. Ko damina biyu daɓen bai yi ba, amma ya fara zubar da gari. Duk safiya in yara suka yi shara, sai tsintsiya ta tara yashi kamar a bakin rafi ake sharar. Na durƙusa na sa ƙusa na karta, ta shige ba gardama. Aka kira birkilan da ya yi aikin, saurayi mai ladabi, na tambaye shi yadda ya auna. Ya ce, "Wallahi Baba, yadda muka saba na yi. Buhu ɗaya, kwano goma sha takwas." Wato buhun siminti ɗaya a kan kwanon sarki goma sha takwas na tsakuwa da yashi, irin kwanon nan da lebura ke ɗauka a ka. Gaskiya ya faɗa, kuma ko cokali ɗaya na siminti bai ɗauka ba. Inda aka samu matsala, kayan da tifa ta kawo masa haɗaɗɗe ne, tsakuwa da yashi a gauraye tun daga inda aka ɗebo, shi kuwa ya auna shi da lissafin da ake yi in tsakuwa na gefe guda yashi na gefe guda. Ga laka a cikin kayan, ga ruwa da aka malala don aiki ya yi sauri. Kuɗin dattijon nan ya tafi, kuma har yau in na tuna abin yana damuna, domin gyaran bai fi ƙarin buhu uku na siminti da ɗan haƙuri ba.

Kayan da nake magana a kai iri biyu ne. Akwai wanda ake kwasowa daga cikin kogi yadda Allah ya tara shi, ƙananan duwatsu masu santsi cakuɗe da yashi, irin wanda masu tifa ke samu a wasu gaɓoɓin manyan koguna kamar Challawa bayan ruwa ya janye. Akwai kuma wanda mai sayarwa ke haɗawa da kansa, ya zuba fasasshen dutse a kan yashi ya juya. A Ingila irin wannan na biyun shi ne abin da mai ƙaramin aiki ya fi saye, a ƙananan buhuna ko a babban buhu guda, an tankaɗe shi an daidaita, dutsen ciki bai wuce milimita 20 ba. A nan wurinmu babu wanda ya tankaɗe maka, babu wanda ya rubuta maka abin da ke ciki. Abin da tifa ta juye shi ne naka, kai ne za ka bincika.

Ba na ƙin haɗaɗɗen kaya. Wanda gidansa ke cikin lungu ya san wahalar samun wurin juye tifa biyu, ga maƙwabta na neman hanyar wucewa. Sau da yawa ya fi araha, kuma lebura ba ya ruɗewa da ƙirga iri biyu. Ya dace da daɓen ɗaki da na tsakar gida, da kankaren da ake shimfiɗawa a ƙasan harsashin gida mai hawa ɗaya, da gindin katanga, da kafa ƙarfen ƙofa ko turakun rumfa, da magudanar ruwa. Amma dekin bene, da filolin da za su ɗauki bene, da matakala, da doguwar bim, wato kankaren da ke kwance daga filo zuwa filo yana ɗaukar nauyin sama, waɗannan ka bar su. Nan ana buƙatar tsakuwa daban, yashi daban, da injiniya mai rajista da ya faɗi awo ya kuma tsaya a kan aikin. Dalili kuwa, haɗaɗɗe ba ya zama iri ɗaya daga kwano zuwa kwano, kuma abin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa ba a yi masa awon wataƙila.

Mataki na farko: duba kaya kafin ka biya

Ka kasance a wurin lokacin da tifa ta iso, kada ka bar wa yaro. Kafin direba ya ɗaga bodi, ka hau ka tona da shebur wuri uku, gaba da tsakiya da baya, domin saman kaya kullum kyau gare shi.

Fara da hannu. Ɗebi danƙi mai ɗan danshi ka matse ka buɗe. Na ƙwarai zai wargaje ya bar tafinka da ɗan datti kaɗan. In ya dunƙule ya riƙe shatin yatsu, ko ya shafe maka hannu da ja ko baƙi, akwai laka. Ka duba ko da saiwoyi, ganye, gawayi, ɓawon katantanwa, ko dunƙulen yumɓu da ya yi kama da dutse. Ɗauki tsakuwa biyar ko shida ka buga da guduma: wadda ta fashe gida biyu da ƙara mai kyau dutse ce, wadda ta niƙe ta zama gari ba ta da amfani. Burji ma kada a yaudare ka da shi. Burji na cikon ƙasa ne da hanya, yumɓun da ke jikinsa yana hana siminti kama shi. Haka kayan da aka ɗebo daga inda ƙasa ke fitar da kanwa ko gishiri, a guje shi, gishiri yana cinye rodi a hankali.

Sai gwajin kwalba, wanda nake roƙon kowa ya yi, don ba ya cin ko sisi. Samo robar ruwan sha mai haske, miƙaƙƙiya. Tsince manyan tsakuwa, ka zuba yashin har tsayinsa ya kai santimita 10. Narka ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita na ruwa, ka zuba ya shanye kan yashin sosai. Rufe, ka girgiza kamar minti ɗaya, ka ajiye a inda ba za a taɓa ba na awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa, za ka ga layinta a fili, mai laushi, launinta daban. Sa ma'auni. In kaurin lakar ya wuce milimita 8, kayan ya yi datti da yawa: ko a mayar, ko a wanke. Wankewa wahala ce, ana zubawa a baro a cika ruwa a juya a tsiyaye har ruwan ya fara fita da haske, shi ya sa ya fi sauƙi ka yi gwajin tun kafin ciniki, da samfurin da ka karɓo daga wurin mai sayarwa.

Me ya sa laka ke da haɗari haka? Siminti manne ne. Aikinsa ya lulluɓe kowace ƙwayar yashi da kowace tsakuwa ya liƙe su da juna. In laka ta riga ta lulluɓe tsakuwar, simintin lakar ya kama, ita kuwa ba ta da ƙarfin riƙe komai. Ƙari a kan haka tana shan ruwa da yawa, ta tilasta maka ƙara ruwa a kwaɓi.

Gwaji na uku shi ne na sanin yawan yashi a cikin haɗin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Nemi raga mai ramuka kamar milimita 5, wato wadda ƙwayar dawa za ta wuce amma ƙwayar wake ta tsaya. Ɗebi kwano uku daga wurare dabam-dabam ka tankaɗe. Abin da ya wuce yashi ne, abin da ya tsaya tsakuwa. Auna kowanne da kwano. Abin da ake so, tsakuwa ta ninka yashi sau biyu, ko aƙalla sau ɗaya da rabi. Kayan kogi galibi yashi ke rinjaye. In ka ga sun zo kai ɗaya, sai ka sayo fasasshen dutse mai girman kwata uku na inci, ka ƙara kwano ɗaya a kan kowane kwano uku na haɗin, ka juya su tun a tsibi kafin a fara awo. In kuma tsakuwa ce ta yi yawa har haɗin ya zama kamar ba yashi, ƙaro yashi mai kaushi, ba mai laushin nan na filasta ba. Duk dutsen da ya fi ƙwan zabo girma a tsince shi. Ƙa'idar ita ce kada dutse mafi girma ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin abin da za a zuba, don haka a daɓe mai kaurin santimita 10 har wanda bai kai ƙwan zabo ba a tsince shi in ya wuce santimita biyu da rabi.

Mataki na biyu: wurin juyewa

A share wuri mai tauri, in da hali a shimfiɗa tsohon tamfol ko kwanon rufi, don kada shebur ya riƙa haɗowa da ƙasa. Ka lura da abin da ke faruwa sa'ad da tifa ke juyewa: manyan tsakuwa su ke gangarowa su taru a gindin tsibi, yashi ya tsaya a sama da tsakiya. Girgizar hanya ma ta riga ta fara raba su tun a mota. Saboda haka lebura da ya fara ɗiba daga gindi zai kawo kusan tsakuwa zalla, na ƙarshe ya kawo kusan yashi zalla, daɓe ɗaya ya fito wani gefe ramuka wani gefe gari. Kafin a fara aiki a sa mutum biyu su juya tsibin, kuma a riƙa ɗiba daga sama zuwa ƙasa a gefe ɗaya, kamar ana yanka.

Mataki na uku: lissafin da ke ruɗa mutane

A nan zan daɗe, don nan ne daɓen dattijon nan ya mutu.

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a awon wurin gini kwanon sarki biyu ne, kusan lita 35. Haɗin da kowane birkila ya haddace, ɗaya-biyu-huɗu, ma'anarsa buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ɗaya-uku-shida kuma buhu ɗaya, yashi kwano shida, tsakuwa goma sha biyu. Sai mutum ya ce, to ai huɗu da takwas sha biyu ne, tunda an riga an haɗa mini, bari in auna kwano goma sha biyu. Nan kuskuren yake.

Cika mudu da gyaɗa mai ɓawo har baki, sannan ka kawo gero ka riƙa zubawa kana girgizawa. Geron zai yi ta shigewa cikin ramukan da ke tsakanin gyaɗar, mudun bai ƙaru ba. Haka yashi ke yi a cikin tsakuwa. In kana shakka, gani ya kori ji: auna tsakuwa kwano huɗu da yashi kwano biyu, ka juya su sosai, ka sake aunawa. Ba za ka samu shida ba. Biyar za ka samu, ko ƙasa da haka kaɗan. Kenan kwano goma sha biyu na haɗaɗɗe yana ɗauke da abin da ya kai yashi biyar da tsakuwa goma. Wanda ya auna goma sha takwas yana zaton ɗaya-uku-shida ya yi, a gaskiya ya kusa ɗaya-huɗu-takwas, haɗin da ba a yi da shi sai shimfiɗar ƙasan rami.

To ga awon da ya dace da haɗaɗɗe, a kan kowane buhu ɗaya. Kwano goma shi ne madadin ɗaya-biyu-huɗu, kuma shi nake ba da shawara ga tsakar gida da rana da ruwan sama ke duka, da inda mota za ta taka, da duk abin da aka sa wa rodi kamar ƙaramar linta, wato kankaren da ake zubawa a saman taga. Kwano goma sha biyu ya isa daɓen cikin ɗaki wanda za a ɗora wa tayil ko a shafe da siminti, da harsashin katanga da na gida mai hawa ɗaya a ƙasa mai kyau. Kwano takwas na wurin da ruwa ke zama ne ko ake gurza, kamar magudana, wurin wanki, ko murfin rami. Goma sha shida kuwa na siririyar shimfiɗar nan ce kawai da ake yi a ƙasan rami don a samu wuri mai tsabta kafin ainihin kankare.

Kuma kwano ya zama kwano. A riƙa share bakinsa da katako, ba a yi masa tozo ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, gaskiya ne a kasuwa, amma a wurin kankare ban yarda da awon ido ba, balle awon shebur, wanda da safe yake cika, da la'asar in hannu ya gaji ya koma rabi. In baro za a yi amfani da shi, a fara auna kwano nawa yake ci, a ja masa layi da fenti. An saba cewa huɗu ne, amma barori sun bambanta, wasu ma sun lotsa.

Mataki na huɗu: nawa za ka saya

Tsawo sau faɗi sau kauri, duka a mita. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe. Tsawo sau faɗi ya kama kusan murabba'in mita 13. In kaurin daɓe inci huɗu ne, santimita 10, kankaren da ake buƙata kubik mita 1.3 ne.

Kowane kubik mita ɗaya yana cin haɗaɗɗe kusan kubik mita 1.1, sannan siminti buhu biyar da ɗan ɗori in awon kwano goma sha biyu ne, buhu shida da ɗan ɗori in na goma ne, buhu bakwai da rabi in na takwas ne. Ɗakin namu kenan zai ci buhu bakwai da kwano 84 a awon goma sha biyu. Ka sayi takwas. Ƙasa ba ta taɓa zama daidai kamar takarda, wani wuri zai zurfafa, wani abu zai zube, kuma babu abin da ya fi ɓata daɓe irin siminti ya ƙare saura kusurwa ɗaya a tafi kasuwa nema.

Wajen sayen siminti ka duba lambar ƙarfin da aka rubuta a jikin buhu, 32.5 ko 42.5. Na biyun ya fi ƙarfi, shi na fi so ga duk abin da ke da rodi. Taɓa buhun ka ji. In akwai dunƙule a ciki wanda yatsa ba ya iya murƙushewa, danshi ya riga ya shige shi. A ajiye a kan katako, nesa da bango, kuma kada a saya a jibge watanni kafin aiki.

Mataki na biyar: shirya ƙasa

A kwashe baƙar ƙasar sama da duk saiwa. A cike da burji kaɗan-kaɗan, kauri kamar santimita 15 a lokaci guda, ana yayyafa ruwa ana dannewa da madaɓi har sai takalmi ya daina nutsewa. Yawancin daɓen da ka ga ya tsage ya lotsa, cikon ƙasansa ne aka zuba tuli guda ba a danne ba. In cikin ɗaki ne a sa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan ɗaya da kamar taƙi guda, don hana danshin ƙasa tasowa. In tsakar gida ce a ja igiya a fitar da gangara tun yanzu, kamar santimita ɗaya da rabi a kowace mita, ta nufi rariya. Inda mota za ta tsaya kauri ya kai santimita 15. Katakon gefe a kafe shi da turaku sosai, don ɗanyen kankare nauyi gare shi, kubik mita ɗaya ya kusa tan biyu da rabi. In ba leda, a jiƙa ƙasa kafin zubi don kada ta tsotse ruwan kwaɓin, amma kada ruwa ya kwanta.

Mataki na shida: kwaɓi da rigimar ruwa

In da hannu ne, a yi a kan daɓe ko faranti mai tsabta, ba a kan ƙasa ba. A baza haɗaɗɗen da aka auna, a farke buhu a baza siminti a kansa, a juya a bushe sau uku daga wannan gefe zuwa wancan har launi ya zama ɗaya, babu zanen fari babu na ja. Sannan a buɗe rami a tsakiya a zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ana turo gefe ciki, a sake juyawa sau uku. Kada a bari ruwan ya ɓalle ya gudu, siminti yake tafiya da shi. Da yake hannu ba ya kai inji gaurayawa, al'adar magina ce a ƙara siminti kamar kashi ɗaya cikin goma, wato a kowane buhu goma a ƙara ɗaya. In da inji ne, a fara zuba rabin ruwa, sai rabin haɗaɗɗe, sai siminti, sai sauran haɗaɗɗen, a ƙarasa da ruwa, a bar shi ya juya minti biyu bayan komai ya shiga.

Ruwan ya zama wanda za ka iya sha. Ban da na kududdufi, na kwata, ko mai sabulu.

Yawan ruwa shi ne inda za ka yi ta fama da ma'aikata, kuma ina fahimtar su. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin juyawa, ya fi sauƙin ɗauka, da an zuba ya bazu da kansa. Za ka ji ana cewa, "Alhaji, a ƙara ruwa, ya yi tauri, ba zai kwanta ba." Ka amsa da fara'a, amma ka tsaya a kan awo. Buhu ɗaya jarka ɗaya ce mai lita 25 in kayan a bushe suke. A awon kwano goma sha biyu ana iya kaiwa lita 30, kada a wuce. In kayan da danshi, kamar wanda aka kwaso daga kogi jiya ko ruwan sama ya doka, a fara da lita 18 zuwa 20, don ruwan da ke jikin yashin ma yana cikin lissafi.

Mutane da yawa na zaton kankare bushewa yake yi kamar tubalin ƙasa. A'a. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa ya rikiɗe ya zama dutse, kuma ruwan da yake buƙata don wannan bai kai ma jarkar nan ba. Duk rarar da aka ƙara tana zama a ciki, daga baya ta tsane ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ƙarin lita goma a kan buhu na iya cinye sulusin ƙarfin kankare ko fiye. Ka biya kuɗin buhu uku ka samu ƙarfin biyu.

Ga yadda za ka gane ya yi. Daddaɓa saman kwaɓin da bayan shebur, ya kamata ya yi sumul yana ɗan sheƙi ba tare da ruwa ya taso ba. Sai ka sassara shi da bakin shebur ka yi kunya-kunya kamar ta gona. In kunyoyin sun tsaya, ya yi. In sun rushe sun baje, ruwa ya yi yawa, a ƙara siminti da haɗaɗɗe bisa awo. In sun farfashe tsakuwa na zubewa, ko ruwa ya yi kaɗan ko yashi ya gaza. Idan kuwa ka ga kwaɓi na ta neman ruwa fiye da ƙima kafin ya yi laushi, alama ce yashi ko laka sun yi yawa a haɗin, koma kan gwajin raga.

Kada a kwaɓa abin da ba za a iya zubawa cikin rabin awa zuwa minti 45 ba, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Wanda ya fara kamewa a ƙasa, kada a farfaɗo da shi da ruwa. A zubar.

Ina roƙon masu gida wani abu a nan. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar wuta, a hankali, mutum ba ya ji sai dare. Na sha ganin yara leburori sun ɗaure ƙafa da takardar buhu da leda suna tsaye cikin kwaɓi tun safe, washegari tafin ƙafa ya tsattsage yana jini. Takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu ba su kai kuɗin da za a kashe a magani ba, ka saya musu. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa na kamar minti 20, sannan a tafi asibiti.

Mataki na bakwai: zubi

A fara da asuba, ko bayan la'asar, a guji tsakar rana. A fara daga kusurwa mafi nisa ana jawowa baya zuwa ƙofa. A sauke kwano kusa da inda kankaren zai zauna, kada a wurga daga nesa ko daga sama fiye da mita ɗaya, domin haɗaɗɗe na da saurin rabuwa, tsakuwa ta yi gaba ruwan siminti ya tsaya baya. In baro zai bi hanya mai gargada a shimfiɗa masa katako.

Dannewa ita ce ke fitar da iskar da ta maƙale. A daɓe, mutum biyu su riƙe dogon katako mai kauri, kowa a gefensa, suna ɗagawa suna bugawa suna matsawa kaɗan-kaɗan, sannan su dawo suna jan sa kamar zarto don share rara. A cikin linta ko rami a riƙa soka guntun rodi sau da yawa, ana ƙwanƙwasa katakon gefe da guduma. Wanda bai yi haka ba, ranar cire katako zai ga ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje. Rodin kuma a ɗaga shi da ƙananan guntayen kankare, ya samu rufin aƙalla santimita biyu da rabi a linta, biyar a harsashi.

Bayan an share, ruwa zai taso sama ya kwanta. A jira ya ɓace kafin a sa cokali. Al'adar nan ta barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwan a samu a tashi da wuri, ita ke haifar da ɓawon da ke ɓarewa bayan 'yan watanni. Tsakar gida kada a goge ta ta yi santsi, a bi ta da katako ko a ja tsintsiya a kai, saboda tsofaffi da yara ranar ruwan sama. Kuma in fili ne mai faɗi a raba shi gida-gida, kowane gida kada ya wuce mita uku, ta hanyar tsaga layi mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Kankare dole ya ɗan tsuke, in ba ka nuna masa inda zai tsage ba shi zai zaɓa.

Mataki na takwas: shayarwa

Birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, saura kai. Da zarar saman ya yi ƙarfin da yatsa ba ya barin shati, a rufe shi. Ko a shimfiɗa leda a danne bakinta da bulo, ko a rufe da buhunan algarara ana jiƙa su, ko a baza yashi mai kauri ana zuba masa ruwa. Wanda na fi so a daɓe shi ne a zagaye gefe da 'yar madatsar yashi a cika ruwa ya kwanta kamar fadamar shinkafa. Sai dai a kiyayi buhun da aka zuba sukari a ciki, sukari ko kaɗan ne yana hana siminti kamawa.

Abin da ake so kada saman ya bushe ko sau ɗaya har kwana bakwai. Watsa bokiti ɗaya da safe a tafi kasuwa ba shayarwa ba ce, kafin hantsi ya ƙafe. A hunturu abin ya fi tsanani, domin iskar nan busasshiya tana zuƙe ruwa tun kankare na ɗanye, sai ka ga ƙananan tsaga kamar na busasshen tabki tun ranar farko. A lokacin a kafa zana ko tamfol ta gefen da iska ke busowa, a rufe da wuri, a kai kwana goma zuwa goma sha huɗu ana ba shi ruwa.

A kwana bakwai kankare ya samu kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Ana iya taka shi a hankali bayan kwana biyu. Katakon gefe a cire bayan kwana ɗaya ko biyu, amma na ƙarƙashin linta da turakunsa a bar su sati biyu aƙalla. Ƙaramar mota ta jira kwana goma. Tifa ko tankar ruwa kuwa kada ta hau sai wata ya cika.